Langar Baƙin Ƙofar Gayan

Sallama gare ku ƴan'uwana masu bin wannan labari. Wanda yau ne farkon shigowarsa ya matso kusa, in faɗa masa inda muke.

Sunana Umaima, ƴar Malam Jumare ta unguwar Kwarbai a cikin birnin Zariya. Da safe ɗaliba ce ni a jami'a, harabar Kongo, da la'asar kuma ina koyar da ƙananan yara a Islamiyyar unguwarmu. Akwai wani bawan Allah mai suna Zaharaddini, ma'aikaci a sakatariya, wanda ya daɗe yana sallama a zaurenmu, har manyansa sun fara maganar zuwa gaisuwa. To, kun san ni ke nan.

A farkon daminar bana aka wayi gari da mutane cike da wani kangon makaranta a bayan ganuwa, wajen Ƙofar Gayan. Ƴan bindiga ne suka tashe su daga ƙauyukansu. Ranar da na fara ganinsu ina cikin Keke za ni makaranta, na hango wata mata tana tankaɗe dusa a bakin zaninta, yara sun zagaye ta suna jira. Har aka tashi daga lacca ban san abin da malami ya faɗa ba.

A gindin bishiyar da muke cin awara na gaya wa ƙawata Su'ad. Bakanuwa ce, bakinta ba ya hutawa, amma zuciyarta fara ce tas.

"To kuka za ki zauna kina yi, ko tashi za mu yi?" ta ce.

Muka tashi. Muka bi azuzuwa da ɗakunan kwanan ɗalibai muna magana, muka samu malama ɗaya ta yarda ta tsaya mana a matsayin uwar ƙungiya, muka raɗa mata suna mai nauyi, Ƙungiyar Ɗalibai Masu Agajin Gaggawa. Wannan ya kawo shinkafa, waccan ta kawo masara da zannuwa, har ɗakin ajiyar da aka ara mana ya kusa cika.

Sai ranar rabo ta zo, wata Asabar.

Ƴan'uwa, mun shirya kamar yadda muke gani a waya. Mun buga riguna masu tambari, mun ɗaura ƙyalle mai sunan ƙungiya a jikin dalbejiya, mun jera buhuna a kan tebur. Zaharaddini ya zo da kyamararsa, wai don waɗanda suka bayar su ga inda kayansu suka tafi. Ni kuwa da ko a aji ba a jin muryata daga baya, ni aka miƙa wa lasifika.

"Iyayenmu mata a fito a yi layi! Kowacce ta riƙo kwanonta!"

Ba wadda ta fito.

Na sake maimaitawa. Mazan da ke zaune a gindin katanga suka sunkuyar da kai. Matan suka saki zannuwan da suka rataya a ƙofofin azuzuwa. Wata yarinya ta taho da gudu, uwarta ta miƙo hannu ta fizge ta ciki.

Na ajiye lasifikar, na je na yi sallama a ƙofar farko. Wata dattijuwa ce zaune a kan buhu, ɗankwalinta ya koɗe amma a ɗaure yake tsaf. Daga baya na ji sunanta Inna Mariyamu. Ta dube ni ba tare da fushi ba.

"Ƴar nan, mahaifiyarki na da rai?"

"Tana nan, Inna."

"Allah ya ƙara mata lafiya. In aka ce ta fito fili da kwano a hannu, maza na kallo, wani na ɗaukar hotonta, za ta fito?"

Ta gyara zama a kan buhun.

"A garinmu ba a sauke tukunya a gidana ba a fitar da na maƙwabta ba," ta ce. "Gudu muka yi, ba bara muka zo ba. Ku tafi da kayanku, Allah ya ba da lada."

Haka muka loda buhunan muka koma da su, yaran suna leƙenmu ta taga.

Da abin ya tsaya nan, da sauƙi. Kafin magariba Zaharaddini ya ɗora hotona a waya. Ni ce riƙe da lasifika, baki buɗe, hijabi ya zame baya har ana ganin ɗankwalina. Shi a ganinsa yabo ne. Kafin in cire takalmi hoton ya riga ni isa gida.

Na tarar da Umma a bakin murhu tana tuƙa tuwo da ƙarfin da ya fi na kullum.

"Sannu da zuwa, shugabar zanga-zanga."

"Umma, ba zanga-zanga ba ce."

"Ki faɗa wa Hajiya Tayyiba. Ta kira ni daga Tukur-Tukur, wai tana tambaya ko wannan ce yarinyar da aka ce mata ko ɗaga ido ba ta yi. Na rasa bakin amsawa. Mahaifiyar Zaharaddini ce fa, Umaima!"

Bayan sallah Baba ya kira ni. Yana zaune a kan buzunsa, tabarau a ƙarshen hanci. Baba bai taɓa yi mini tsawa ba, kuma wallahi na fi tsoron sanyin muryarsa.

"An karɓi abin da kuka kai?"

"A'a, Baba."

"To kin ga an yi surutu, kuma ba wanda ya ci. Ban hana ki alheri ba. Ku sake gwadawa Asabar mai zuwa. In sun karɓa, ki ci gaba da albarkata. In ba su karɓa ba, ki zare hannunki, ki fuskanci karatunki."

Na san in na zare hannu ƙungiyar ta watse, don tun a mota rabin ƴan ƙungiyar sun fara cewa ai mutanen ne ba sa so. Kuma yaran da suka leƙo ta taga fa?

Ina shiga ɗaki saƙon Zaharaddini ya shigo.

"Malama, kin yi fushi?"

Ina cikin karantawa wani ya biyo baya.

"Na goge hoton. Wallahi kyau kika yi mini."

"Da baki buɗe kamar mai kiran kasuwa?"

"Ko a haka."

"Hajiya fa?"

Ya yi ta rubutu yana gogewa, ina kallon alamar tana bayyana tana ɓacewa. Can sai ga shi: "Ta ce a dakata da maganar gaisuwa tukuna."

Na kife wayar a ƙarƙashin matashi. Ba zan yi muku ƙarya ba, na yi kuka, amma ban san wanne nake yi wa ba, gaisuwar ko yaran.

Abin da ya buɗe mini ido ba a makaranta ya faru ba, a tsakar gidanmu ne. A cikin makon wata ma'aikaciyar jinya da aka yi wa canjin wurin aiki ta tare a gidan da ke jikin namu. Kun san al'adar cikin birni. Umma ta yi faten tsaki da rama da yakuwa, ta zuba a langarta mai zanen furanni, wadda ba ta fitar da ita sai don baƙo, ta rufe da faifai.

"Kai mata. Ki ce ina gaishe ta da zuwa."

Da yamma langar ta dawo, an wanke ta fes, da ƴan lemo a ciki.

"Umma, ai da ba ta wahalar da kanta ba. Ko kayanta ba ta gama kwancewa ba."

"Ke dai ba ki san komai ba," in ji Umma tana ɓare lemon. "In ta maido ta haka nan, gobe da wane ido za ta dube ni? Bar ta ta sa ko gishiri ne. Yanzu ta zama maƙwabciya, in tana neman turmi za ta iya aikowa."

Na tsaya da faifai a hannu kamar an dasa ni. Tun ina ƙarama nake kai irin wannan langa gida-gida, amma da na tashi taimakon mutane sai na manta da ita, na ɗauko lasifika.

Washegari na saka hijabina mai ruwan toka, na koma kangon hannu biyu, ba riga mai tambari, ba kowa tare da ni. Gaisuwa kawai na yi ɗaki-ɗaki, na tambayi sunayen masu ɗakunan, na ba Inna Mariyamu haƙuri. Da na dawo na sami Umma tana tsintar wake, na zauna na sa hannu.

"Umma, mun yi baƙi fa."

"A ina kuma?"

"A Ƙofar Gayan. Tun farkon damina suka sauka, ba gidan da ya aika musu da ko ruwa."

Hannunta ya tsaya a cikin tiren.

"Umaima, ni za ki zagaye?"

"Ni dai na ji kin ce in baƙo ya sauka..."

"Rufe mini baki. Ƴar Malam, kin iya ɗaure mutum da igiyarsa." Ta watsar da tsakuwar da ta tsinto. "Akwai masu jego a cikinsu?"

"Akwai, Umma. Ɗaya ko suna ba a yi ba."

"Innalillahi. Mai jego a kango, da damina, kuma muna nan muna tuƙa tuwo? Miƙo mini wayata."

Wanda bai taɓa ganin Umma ta kira ƙawayenta na biki ba bai san shiri ba. Daga Kwarbai ta kira Limancin Kona, daga can aka kira Anguwar Juma, wata ta kira ƙanwarta a Gyallesu. Ba wadda aka ce wa ta ba da sadaka. Cewa ake yi, "An yi baƙi, kin aika?" Kuma ba matar cikin birnin da za ta yarda a ce ita ce ba ta aika ba.

Da na kai wa ƴan ƙungiya shawarar, Su'ad ta riƙe ƙugu.

"Rigunan da muka buga fa?"

"A sa a ƙarƙashin hijabi."

"Ƙyallen?"

"Ya yi shimfiɗa."

"Kuma na rantse fate za ku dafa. Bayin Allah sun gudo daga masifa ɗaya, ku Zazzagawa ku tare su da fate!"

Aka fashe da dariya, kuma daga wannan dariyar aka amince. Muka raba buhunan zuwa gidajen da suka yarda. Kowane gida zai dafa, ya haɗa da ƙullin tsaba da zane ɗaya kamar yadda ake yi wa baƙo. Kowace ɗaliba ta riƙe gida ɗaya a birni da ɗaki ɗaya a kango. Maza kuma za su tafi da tabarmi da manyan tire, su zauna su ci tare da mazan.

Na tura wa Zaharaddini saƙo: "In za ka zo, bar kyamara a gida."

"Me zan riƙo?"

"Jarkar ruwa."

"Ni da babbar rigata?"

"Ka naɗe hannunta."

Asabar da hantsi, bayan an ɗauke yayyafi, muka fito. Na sa atamfata shuɗiya da farin hijabi har ƙasa, na ɗora langar Umma a ka. Muka bi lungu-lungu muna tsallake kwata, ƴan mata a jere kowacce da langa, ƙamshin man shanu na binmu. Su'ad da ba ta taɓa ɗaukar kaya a ka ba ta rungume tata a ƙirji tana salati duk inda ta ga taɓo. Tsofaffi a ƙofar gidaje suna tambaya ko biki ake yi.

Da muka isa, na dubi azuzuwan. Zannuwan nan suna sake a ƙofofi kamar wancan karon. Kowacce ta nufi ɗakinta, ni na tsaya a na farko.

"Salamu alaikum. Daga gidan Malam Jumare na Kwarbai. Umma ta ce a gaishe ku da zuwa. Ta ce yaya hanya, yaya baƙunta. Ta ce a yi haƙuri ba ta aiko da wuri ba."

Zanen ƙofar bai motsa ba. Na tuna muryar Baba, na ce a raina, shi ke nan, Umaima, ƙungiya ta ƙare.

Sai zanen ya motsa.

"Wa alaikumus salam. Shigo mana, kya tsaya a waje da kaya a ka?"

Inna Mariyamu ta karɓa da hannu biyu, ta ɗaga faifan, ta leƙa. Sai kafaɗunta suka fara girgiza.

"Fate! Lallai mun iso Zazzau."

Ta kira jikokinta, ta ɗebar wa mai jegon da ke kwance a lungu nata daban. Daga ɗakin da ke kusa na jiyo Su'ad tana cewa, "Wallahi Inna ba laifina ba ne, ni ma a hannunsu nake," ana ta dariya. Na leƙa waje, duk zannuwan an yaye su. Can gindin katanga ga Zaharaddini, hannun babbar riga a kafaɗa, gaban rigar ya jiƙe sharkaf, yana zuba wa wani tsoho ruwan wanke hannu.

Na miƙa hannu zan ɗauki langar da ta zama fayau, Inna Mariyamu ta dafe ta.

"Ina za ki da ita? Ki dawo bayan la'asar."

Da na koma, an wanke ta da toka tana ƙyalli. A ciki akwai tafasa, ganyen miya da suka tsinko a bayan ganuwa, an gyara ta tsaf, da dunƙulen daddawa ɗaya naɗe a ganye.

"Ita kaɗai na tsira da ita a ƙugun zanena," ta ce. "Ki ce wa mahaifiyarki ta ɗanɗana irin tamu."

Na buɗe baki zan ce ta bar abinta, sai na tuna lemon maƙwabciya. Na durƙusa na ce, "An gode, Inna. Za ta ji."

Ba langar da ta koma birni haka nan a ranar. Wata da zogale, wata da faifai sabon saƙa, wata da ƴar kuɓewa busasshiya.

Umma ta kai daddawar hanci ta lumshe ido.

"Wannan ba ta kasuwa ba ce. Umaima, matar nan ta iya. Ki tambaye ta ko za ta zo ta yi mini, in na sayo kalwa. Har Hajiyar Limanci za ta so."

Rabinta ta jefa a miyar kukar dare. Baba ya ci, ya ƙara, abin da ba ya yi. Da na je ɗauke kwano ya cire tabarau.

"Sun karɓa?"

"Sun karɓa, Baba. Miyar da ka ci ma da daddawarsu aka yi."

Ya dubi kwanon, ya dube ni.

"Ashe ni aka fara ciyarwa." Ya yi murmushi. "Gobe bayan azahar za mu je da mai unguwa mu gaida mazan, mu ji maganar ruwa da rufin ɗakunan. Tun farko mu ya kamata mu je. Ki ci gaba, Allah ya yi miki albarka. Amma lasifikar nan a mayar wa mai ita."

Ƴan'uwa, ban san lokacin da na isa tsakar gida ba. Na rungume Umma ta baya har ludayi ya faɗi, tana cewa in sake ta kafin in karya ta. A waya kuwa saƙonni sun cika rukunin ƙungiya, ɗalibai na tambayar yadda za su shiga. Su'ad ta riga ta canja mana suna, wai Ƴan Langa.

Abu ɗaya ne ya rage mini a rai. Umma ta kira gidaje da yawa, amma ba ta kira Tukur-Tukur ba, kuma daga can ba a aiko ba.

Lahadi da safe ina shanya hijabina, aka yi sallama a zaure. Muryarsa ce. Na zura mayafi na fita. Yana tsaye cikin farar shadda, langa a kowane hannu, ya riƙe su nesa da jiki kamar za su fashe.

"Malam Zahar, yau kuma talla aka koma?"

"Ki karɓa kafin in ƙone. Hajiya ce ta aiko. Jiya ƙawayenta suka yi ta tambayarta ko ta aika, ta ce ba wanda ya gaya mata an yi baƙi. Ni na sha faɗan."

"Duka biyun na baƙi ne?"

"Babbar ta baƙi ce. Ta ce a ba ta ɗaki ɗaya ita ma, mai yara da yawa." Ya yi ƙasa da murya. "Ƙaramar taki ce."

"Ta Umma dai."

"Taki. Da sunanki ta faɗa."

Na shiga da ita. Umma ta ɗaga murfin, dambun nama ne har baki, irin wanda ake kwana ana yi. Ta mayar da murfin a hankali, ta zauna a bakin turmi.

"Ya faɗi wani abu kuma?"

"Wai ta ce tana jiran langarta. Wai kada a ba kowa, in kai da kaina."

"Da kanki? Gidan surukai, tun ba a yi gaisuwa ba?" Umma ta riƙe haɓa. Sai kuma na ga tana danne dariya. "To, ƴar Malam, ke kika koya wa gari. Kin san ba a mayar da ita haka nan."

"Umma, me za mu sa?"

"Mu? Ni aka aiko wa?"

Ta tashi ta shige ɗaki, ta bar ni da langa a cinya. Na daɗe ina kallon madafa. Can idona ya sauka a kan ganyen nan da ke saman kantar madafar, da sauran rabin daddawar Inna Mariyamu a ciki.

Na naɗe hannun riga, na hura wuta. In Hajiya tana son sanin wace ce yarinyar da ta gani da lasifika, to za ta fara ji a miya.